Yadda ƙungiya a Amurka za ta cike giɓin kuɗin gini da rangwamen harajin New Markets

A unguwannin Amurka da talauci ya yi wa katutu, irin su Kudancin Bronx a Niyok ko kudancin Shikago, kana tafiya sai ka ci karo da sabon asibitin unguwa, ko makaranta, ko katafaren shagon kayan abinci, ka rasa inda masu shi suka samo kuɗin. Sau da yawa wani kaso na kuɗin daga shirin New Markets Tax Credit ya fito, wanda ake taƙaitawa NMTC. Ƙungiyoyin Hausawa da 'yan Zango mazauna can, da suka daɗe suna tara gudummawa don gina makaranta ko wurin duba marasa lafiya, ya kamata su san shi ciki da bai. Amma tun yanzu ku sani, shirin ba ya gina muku komai daga tushe. Abin da yake yi shi ne cike giɓi na ƙarshe, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin aikin, kuma zai ɗaure ku shekara 7 cur.

An kafa shi da dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Disambar 2000. Wani ofishi a Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka mai suna CDFI Fund ne ke raba shi, hukumar haraji ta IRS kuma ke sa ido. Shekaru da dama majalisa tana sabunta shi ne gutsi-gutsi, har sai da dokar haraji ta Yulin 2025 ta mayar da shi na dindindin, da dala biliyan 5 kowace shekara.

Wanda ya san Najeriya zai tuna umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007 na 2019, wanda ya ba kamfanoni irin su Dangote da MTN damar gina tituna su cire kuɗin daga harajinsu. Tunanin ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta. A Najeriya mai ginin shi ke cin rangwamen. A NMTC ku ne masu gini, amma rangwamen ba naku ba ne, don ƙungiyar da ba ta neman riba ba ta biyan harajin da za a rage mata. Banki ne ke zuba kuɗi ya karɓi rangwamen: kashi 39 cikin 100 na jarin da aka zuba, a rarrabe cikin shekara 7, kashi 5 a kowace daga shekaru 3 na farko, kashi 6 a kowace daga 4 na ƙarshe. Tsakaninku da bankin akwai wata cibiya da ake kira CDE, wato cibiyar raya al'umma da CDFI Fund ya tantance. Ita ke nema wa kanta kaso daga gwamnati (ba tsabar kuɗi ba ne, adadin jarin da za a lissafa rangwamen a kansa ne), ita kuma ke zaɓen aikin da za ta ba. Ku ba ku da takardar da za ku cike a ofishin gwamnati. CDE za ku shawo kanta.

Mataki na farko: adireshin filin

Kafin ku kira taro, kafin ku biya mai zanen gini, ku ɗauki adireshin filin ko ginin ku saka a taswirar CDFI Fund da ake kira CIMS. Kyauta ce a intanet, kamfanin akantoci na Novogradac ma yana da irinta. Amurka a yanke take ƙanana-ƙananan yankunan ƙidaya, kowanne da lambarsa. Yanki yana cancanta idan kashi 20 cikin 100 na mazaunansa ko fiye suna cikin talauci, ko kuma matsakaicin kuɗin shigar iyali bai wuce kashi 80 cikin 100 na matsakaicin birnin ko jihar ba.

Cancanta kaɗai ba ta isa ba. Mafi yawan CDE sun yi wa gwamnati alkawarin kai kasonsu wuraren da ƙunci ya fi tsanani: inda talauci ya haura kashi 30, ko kuɗin shiga bai wuce kashi 60 na matsakaici ba, ko rashin aikin yi ya kai ninki ɗaya da rabi na ƙasar baki ɗaya. Idan filinku ya faɗa cikin ɗaya daga waɗannan, za a saurare ku da kunne biyu. Ku kula da iyakar yankin sosai, don sau da yawa tsakiyar titi take bi. Wannan gefen ya cancanta, tsallaken bai cancanta ba. Ku buga shafin taswirar ku adana da kwanan wata, saboda ana sabunta alƙaluman lokaci zuwa lokaci.

Mataki na biyu: irin aikin

Dokar ta lissafa sana'o'in da ba ta yarda da su ba: filin wasan golf, kulob na masu hannu da shuni, gidan tausa, gidan caca da filin tsere, shagon da babbar hajarsa giya ce ta tafi-da-gidanka, da gonar da kadarorinta suka haura dala 500,000. Yawancinsu ba za su dame mu ba. Wanda zai iya tuntuɓe da ku shi ne gidajen haya. Idan kashi 80 cikin 100 ko fiye na kuɗin hayar ginin daga ɗakunan kwana yake fitowa, an fita daga NMTC, sai dai a nemi ɗaya shirin na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, LIHTC, kuma ba a haɗa su biyun a kan gini guda. Bene mai shaguna da asibiti a ƙasa, ɗakuna a sama, yana iya shiga idan hayar ƙasan ta haura kashi 20.

Sai batun masallaci, wanda na san shi ne farkon abin da wasu za su tambaya. Ƙungiyoyin addini suna cin moriyar shirin, amma ta fuskar hidimar da kowa da kowa zai amfana: makaranta, asibiti, renon yara, koyar da sana'a, rabon abinci. Ɗakin sallah kansa abu ne da CDE ke kaffa-kaffa da shi. Idan ginin ya haɗa duka biyun, ku sa lauya ya raba su a takarda tun daga zane, kuɗin masallaci daban, na sauran daban.

Mataki na uku: ku auna girman aikin da abin da ke hannunku

Nan ne da yawa za su tsaya, kuma gara a tsaya da wuri. Kuɗin lauyoyi da akantoci a wannan harka kusan ɗaya ne ko aikin ƙarami ne ko babba, shi ya sa aikin da bai kai dala miliyan 5 ba da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Idan gyaran gini za ku yi na dala 800,000, ku nemi bashi mai sauƙi daga wata cibiyar CDFI, wato cibiyar ba da bashi don raya unguwannin masu ƙaramin ƙarfi; wasunsu suna da asusun ƙananan basussuka da suka haɗa da kuɗin NMTC, ba tare da ku shiga dogon tsarin ba.

Idan aikin babba ne, ku zauna ku rubuta shafi biyu. Na farko abin da za a kashe: fili, gini, kayan aiki, mai zane, izinin gini, da ajiyar ko-ta-kwana. Na biyu inda kuɗin zai fito: gudummawar da ta riga ta shigo asusu, alkawuran da aka rubuta aka sa hannu, tallafin birni ko jiha, gidauniyoyi, bashin banki. Alkawarin baki da aka yi a wajen taron sallah ba ya shiga shafin nan. Sai kun ga kusan kashi 80 cikin 100 ya tabbata sannan za ku tunkari CDE, don tambayarta ta farko ke nan. Ta biyu kuma kamar kishiyar ta farko ce: za ta so ku nuna cewa in ba da NMTC ba aikin ba zai yiwu ba, ko zai fito a gurgunce. Dole ku kasance masu ƙarfin da za a amince da ku, kuma masu giɓin da za a cike.

Akwai wata ƙa'ida ta lokaci da ke cin mutane. Kuɗin da kuka riga kuka kashe, kamar na sayen fili, ana iya lissafa shi cikin tsarin idan an kashe shi cikin watanni 24 kafin ranar rattaba hannu. Abin da ya girmi haka, ɗan kaɗan ne kawai ake yarda a mayar, bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ku adana kowane rasit da takardar banki.

Mataki na huɗu: neman CDE

Duk lokacin da aka raba kaso, CDFI Fund yana wallafa sunayen waɗanda suka samu, da adadin, da yankin da kowacce ke aiki, da irin ayyukan da ta fi so. Wasu ƙasar baki ɗaya suke yi, kamar LISC da Enterprise da Reinvestment Fund da Nonprofit Finance Fund. Wasu sun keɓanta da fanni, kamar Primary Care Development Corporation da ta fi karkata ga asibitocin unguwa. IFF tana Shikago da jihohin da ke kewaye. Birnin Niyok ma yana da tasa CDE ɗin.

Kada ku jira sai an sanar. Abin da CDE ke nema kowace shekara yakan kai kusan ninki uku na abin da ake rabawa, kuma a cikin takardar nemansu sukan bayyana irin ayyukan da ke layi. Wanda ya zo bayan sanarwa yakan tarar an gama rabo. Ku aika wa guda takwas ko goma taƙaitaccen bayani mai shafi biyu ko uku: lambar yankin ƙidaya da alƙalumansa, hoton zanen, shafukan kuɗin nan biyu, ranar da za a iya fara gini, sai amfanin da unguwa za ta samu a lissafe. Mutum nawa za a ɗauka aiki na dindindin, nawa ne albashinsu, akwai inshorar lafiya ko babu, marasa lafiya ko ɗalibai nawa a shekara, kashi nawa daga cikinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. Kada ku kumbura alƙaluman, don za a mayar da su yarjejeniya a riƙa tambayarku kowace shekara. Ba laifi ba ne CDE biyu ko uku su haɗu a kan aiki guda. Hakan ma ya zama ruwan dare, sai dai kowacce da lauyanta, kuma ku ne za ku biya shi.

A wannan gaɓar ne ake ɗaukar mai ba da shawara da ya ƙware a NMTC. A ganina ƙungiyar da ba ta taɓa yi ba kada ta shiga ba tare da shi ba. Ku tambaye shi ayyuka nawa ya kai ga rattaba hannu, ku kira biyu daga cikin masu ayyukan, kuma ku nemi mafi yawan ladansa ya zama sai an kammala.

Mataki na biyar: fahimtar yadda kuɗin ke zagayawa

Wannan ne wurin da shugabannin ƙungiya suke ruɗewa, don za a ce ku ɗauki kuɗinku ku ba wani bashi, shi kuma ya zagayo ya ba ku bashi. IRS ta amince da tsarin a hukuncinta na 2003, kuma a kansa ake yin mafi yawan ayyuka. Mu ɗauki misali, alƙaluman na kwatance ne kawai.

Asibitin unguwa ne na dala miliyan 10, kuma CDE ta ba ku kason miliyan 10. Rangwamen da zai fito dala miliyan 3.9 ne: 500,000 sau uku, 600,000 sau huɗu. Bankin da ke sayen rangwamen, irin su U.S. Bank ko Chase ko Capital One ko PNC, ba ya biyan dala kan dala, tunda sai ya jira shekara 7 kafin ya gama karɓa. A ce ya biya senti 80 kan kowace dala, ya zuba miliyan 3.12 ke nan. Wannan kuɗin yana shiga wani asusun zuba jari da bankin ya mallaka. Ragowar miliyan 6.88 ita ce kuɗin da kuka tattara, kuma za ta shiga asusun nan a matsayin bashi daga uwar ƙungiyarku ko daga wani banki. Dalilin zagayen shi ne a lissafa kashi 39 a kan miliyan 10 gaba ɗaya, ba a kan kuɗin bankin kaɗai ba.

Asusun sai ya zuba miliyan 10 ɗin a CDE. Ita ta cire ladanta, a ce kashi 3, wato 300,000, ta ba aikinku sauran a matsayin bashi kashi biyu. Bashin A miliyan 6.88, daidai da kuɗinku. Bashin B miliyan 2.82, wanda shi ne ribar shiga tsarin, don shi ake sa ran za a bar muku bayan shekara 7. Daga cikinsa ku cire kuɗin lauyoyin kowane ɓangare da na akantan da ya tsara lissafin, ku cire ajiyar da za a riƙa biyan CDE da masu binciken kuɗi kowace shekara. Abin da zai rage a aikin ginin kansa zai kai wajen miliyan 2. Duk wanda ya ce muku za ku samu kashi 39, bai faɗa muku gaskiya ba. Ku sa a rubuta muku adadin da zai rage bayan an cire komai, kuma ku nemi farashi daga banki fiye da ɗaya, don bambancin senti 2 kan kowace dala a misalin nan dala 78,000 ce.

Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan tsari. Na ɗaya, ba uwar ƙungiya ce za ta karɓi bashin CDE ba. Za ku kafa sabon kamfani ko ƙaramar ƙungiya da za ta mallaki ginin ta ba uwar haya. Dalili shi ne mai karɓa dole ya cika wasu sharuɗɗa: aƙalla rabin kuɗin shigarsa daga aiki a yankin da ya cancanta, kashi 40 na kadarorinsa a can, kashi 40 na aikin ma'aikatansa a can, kuma tsabar kuɗi da hannayen jarin da ya jibge kada su kai kashi 5 na dukiyarsa, ban da kuɗin gudanarwa da na ginin da ake kan yi. Ƙungiya mai rassa a unguwanni daban-daban, ko mai ajiya a banki, tana iya faɗuwa a wannan gwaji. Na biyu, idan wani banki ne zai ba da miliyan 6.88 ɗin ko wani ɓangarenta, dole ya yarda cewa ginin ba jinginarsa ba ne kai-tsaye, kuma ba zai taɓa tsarin ba har shekara 7. Bankin unguwa da bai saba ba yakan ja da baya a nan. Ku yi masa bayani tun farko, ko ku nemi wata CDFI da ta san harkar.

Batun kuɗin ruwa ba abin ɓoyewa ba ne. Basussukan nan da ruwa ake rubuta su, ko da yake sau da yawa ɗan kaɗan ne, kuma idan uwar ƙungiya ce mai ba da bashin miliyan 6.88 ɗin nan, mafi yawan ruwan zagayawa yake ya dawo mata. Dokar ta yarda CDE ta shiga da hannun jari maimakon bashi, sai dai ba haka aka saba ba, kuma ba kowace za ta yarda ba. Ku kai wa malamanku zanen tsarin tun kafin ku kashe kuɗin lauya, a zauna da su da lauyan a teburi ɗaya. Tun ran gini ran zane. Kada jama'ar da suka ba da gudummawa su fara jin zancen bayan an sa hannu.

Mataki na shida: rattaba hannu

Bayan takardar sharuɗɗa daga CDE da banki, sai a shiga watanni uku zuwa shida na kiran waya kowane mako da tarin takardu: ƙimar fili, binciken gurɓatar ƙasa, inshora, kwangilar gini mai tsayayyen farashi, izinin gini, rahoton kuɗin ƙungiya da aka bincika na shekarun baya. Za a nemi ku ajiye kuɗin kafin alƙalami don lauyoyi. A ranar kammalawa duk kuɗin yana zagayawa a yini ɗaya, don haka naku sai ya kasance tsaba a asusu. Alkawuran da ba su shigo ba sai an nemo musu bashin wucin gadi. Ku ware mutum guda wanda wannan ne aikinsa, ba sakataren da ke tuƙa tasi da dare ba.

Akwai takarda ɗaya da ya kamata kowane ɗan kwamitin amintattu ya karanta da idonsa: lamunin da ƙungiya ke ba bankin cewa idan IRS ta ƙwace rangwamen saboda laifinku, ku za ku biya. Ƙwacewar nan duka ce, har da ruwa, kuma ba ta raguwa da tafiyar shekaru. A shekara ta shida ma dukan abin da aka karɓa ake mayarwa. Ku sa lauyanku ya taƙaita lamunin ga abin da ke hannunku kawai, ban da kuskuren CDE.

Shekaru bakwai, da fita

Dokar ta ambaci abubuwa uku da ke jawo ƙwacewa: CDE ta rasa shaidarta, ko ƙasa da kashi 85 na jarin ya kasance a aikin da ya cancanta, ko a mayar wa mai jari kuɗinsa kafin lokaci. Karyewar aikin kanta ba ta cikinsu. Abin da ya shafe ku a aikace kaɗan ne. Ba za ku biya uwar kuɗin bashin da wuri ba ko da wani attajiri ya ba ku kyauta, ruwa kawai ake biya. Ba za ku sayar da ginin ko ku ƙaura ba. Ba za ku ba mai sana'ar da aka haramta hayar shago ba, kuma ku rubuta a yarjejeniyar haya cewa ɗan hayar ma ba zai ba wani irinsa ba. Kamfanin da ya mallaki ginin ya riƙe asusunsa da littafinsa daban, kada ma'aji ya riƙa juye kuɗin uwar ƙungiya a ciki don sauƙi. Sau ɗaya ko biyu a shekara za ku aika wa CDE takardar shaida da alƙaluman ma'aikata da na waɗanda kuka yi wa hidima. Shugabanci yana sauyawa cikin shekara 7, saboda haka ku rubuta waɗannan ƙa'idoji a shafi ɗaya da ake miƙa wa duk sabon shugaba da ma'aji.

Idan wa'adin ya cika, yarjejeniyar ta ba bankin damar sayar muku da asusun zuba jarin a kan kuɗi kaɗan, galibi dala 1,000. Da zarar uwar ƙungiya ta mallake shi, bashin A da B sun zama tsakaninku da kanku, sai a yafe ko a bar su a takarda. Bankin ba dole ba ne ya sayar. Idan bai yi ba, ku kuna da damar saye a farashin kasuwa, shi ya sa ake duba wannan sashe da kyau tun ranar farko. Kamfani mai neman riba ya sani cewa IRS tana iya ɗaukar bashin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga ta sa masa haraji. Idan kuma akwai bashin banki na gaske a cikin miliyan 6.88 ɗin, uwar kuɗinsa tana nan ba ta ragu ba, kuma a lokacin ne za a nemi ku biya ko ku sabunta shi. Ku kira lauya da akanta watanni shida kafin ranar, ku duba ko CDE tana da ladan fita a yarjejeniyarta, ku tanadi kuɗinsa.